Ranar da Dogo Ya Fitar da Kansa

Bana ne farkon noman rani da hannuna bai taɓa ƙarfen buɗe ƙofar ruwa ba. Tun da aka kawo kanal yankinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, ni nake buɗe wa gonakin ɓangarenmu ruwa, ni nake rufewa, ni kuma ake tasowa daga kan tabarma idan gardama ta kaure a kan wa zai sha yau, wa zai jira gobe. Da gwiwa ta ƙi, ido ya fara yaudarata, sai na tara manoman bayan an sauko daga Juma'a, na miƙa ƙarfen ga Sale, ɗan maƙwabcina, magidanci mai iyali wanda ya daɗe da sanin kanal ɗin. Suka ce sun yarda. Na san irin wannan yardar, ta gaban idona ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da ruwa zai yi ƙaranci, waɗanda gonakinsu ke kusa da ƙofa su ƙi sakar wa na can ƙarshe. In ba su ji maganar Sale a ranar ba, tumatirin mutanen ƙarshe zai ƙone, a fara fasa wa juna kanal da fartanya, kuma ba zai sake iya ɗaga murya a bakin ruwan nan ba. A cikin wannan zullumin ne na riƙa tuna wani mutumin ƙasar Finlan, ɗan ƙwallo, da na zauna da shi ina saurayi.

Kafin kanal, rani yana da ma'anarsa. Da an gama yankan dawa an kai rumbu, ƙasa ta shiga hutu, mu ma mun shiga. Manya su ɗaura kaya su tafi cin rani, gari ya rage sai tsofaffi da mata da mu. Da safe ka kai tumaki su ci harawa, ka ɗebo ruwa, ka je fadama ka karɓi kakanka a bakin jigo. Har yau ina jin kukan jigon nan, yadda itacen ke ƙara in ya sunkuya, ya kuma yi ajiyar zuciya in ya miƙe, ruwan ya bi ƴar hanyarsa zuwa fangalin albasa a hankali kamar ba ya son zuwa. Kakana yakan ce mini, "Kai, daina leƙa ruwan nan. Ya san hanya, kai ne ba ka sani ba." Da la'asar ta yi sanyi kuwa, duk gonar da ka ga dama filin wasa ce. Mu tumɓuke tushiyar dawa, mu kafa kara biyu nan, biyu can, mu fito da tamolar tsumma da muka ɗaure da zaren buhu. Babu alƙali, babu agogo, kiran magariba ne ke tashin wasa, sai kowa ya tafi gida yana ɗingishi da ƙaya a tafin ƙafa. Yanzu ƙasar nan ba ta san hutu ba. Ana kwashe shinkafar damina ana kafa tumatir, ana cire tumatir ana dasa wata shinkafar. Inda jigo yake kuka, injin ban ruwa ne ke ruri, ga injinan casa a Kura, ga masu adaidaita suna jigilar kwanduna. Arziki ya zo, ban musa ba, na ci na kuma ciyar. Amma samarin yanzu a waya suke ganin ƙwallonsu, domin ba a bar musu ko faɗin tabarma na ƙasa marar shuka ba.

Kanal ɗin ne ya fitar da ni duniya. Na fara da riƙe wa masu injina sifana, hannuna ya faɗa, sai aka riƙa tura ni koyo. Na zauna a Sudan na ga yadda suke raba ruwan kogi ga auduga, na gyara Larabcina a can. Daga baya aka kai ni can ƙuryar arewacin Turai, wani ƙaramin gari na Finlan a bakin tafki, inda ake ƙera famfunan ruwa. Na je ƙasashe da dama kafin nan da bayan nan, amma ban taɓa shiga cikin mutane masu tsumulmular magana irin waɗannan ba. Balarabe zai gaishe ka har ka gaji, mu kuma sai mun tambayi gida da gajiya da sanyi da iyali. Su kuwa ɗaga haɓa kawai, an gama. Watannin farko na ɗauka fushi ake yi da ni.

A masana'antar na gamu da shi. Yana aikin walda da rana, da yamma kuma shi ne mai tsaron baya na ƙungiyar garin. Sunansa yana da wuyar faɗa a bakina, sai na sa masa Dogo, ya tambayi ma'anar, na faɗa masa, ya ce ba ƙarya. Wata rana a lokacin hutun cin abinci ya ga ina ɗaga dunƙulen takarda da ƙafa a bayan shago. Ya tsaya ya kalla, ya wuce. Washegari ya ajiye mini takalman ƙwallo a kan bencina, ya nuna agogo, ya nuna hanyar fili. Gayyatar ke nan.

Labarinsa kuwa a bakin wasu na tsinta, domin shi ba zai ba ka ba. A garin aka haife shi, ya fara wasa a filin tsakuwa na bayan makaranta. Yana saurayi wata babbar ƙungiya ta babban birninsu ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana tsare musu baya, har ya ƙetara ƙasar maƙwabta ya buga musu na ɗan lokaci. An ce ba shi da gudu, amma yakan riga ƙwallo isa inda za ta. A can gwiwarsa ta hagu ta samu matsala, aka yi masa aiki, ya dawo gida da tabo kamar kunyar gona. Ƙungiyar garinsu ba ta da ƙarfin ɗaukar koci daga waje, sai suka ce ya riƙe duka biyun, yana bugawa yana kuma horarwa. A haka na same shi. Shi ke tsara wanda zai shiga, shi ke hura wa ƙwallaye iska, shi ke tuƙa motar da ke kai mu wasa garuruwan cikin daji.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne filin nasu ma aro ne. Ƴan watanni kawai suke da shi. Da sanyi ya shigo sai na ga Dogo ya jawo tiyo yana ba filin ƙwallo ruwa, yana bi layi-layi kamar mai ban ruwan alkama. Na ce a raina, wannan me zai shuka? Ashe ƙanƙara ake so, ruwan ya daskare ya zama santsi, yara su zo su yi ta zamiya da takalma masu ƙarfe. Na karɓi tiyon na nuna masa inda ƙasar ta yi kwari, ruwa zai taru. Ya dube ni, ya dubi wurin, ya sakar mini tiyon gaba ɗaya. Da bazararsu ta zo kuma sai a yi gayya, gari ya fito da shebur a kwashe ragowar ƙanƙara, mata su kawo gahawa da burodi, kamar dai yadda muke fita yashe kanal. A lokacin zafinsu rana ba ta son faɗuwa, na sha wahalar gane lokutan salla har na koma bin agogo. Dogo ya lura, bai tambaye ni komai ba, amma in lokacin ya yi muna atisaye sai ya ce a huta a sha ruwa, ya juya baya yana gyara raga har in idar.

Ranar da nake son faɗa ita ce wasan ƙarshe na wata kaka. In aka ci mu, za a mayar da ƙungiyar rukuni na ƙasa. Ni ina benci, domin gaskiya ƙwallona ta gonar dawa ce, gudu da yawa, dabara kaɗan. Abokan karawarmu suna da wani matashi a gefe mai gudu kamar an kunna masa wuta. Ya wuce Dogo sau ɗaya, muka ce sa'a ce. Ya sake wucewa, Dogo ya juya zai bi shi, gwiwar ta ƙi juyawa tare da shi. Mutanen garin nan sun girma suna alfahari da shi, babu mai iya buɗe baki ya ce ya fita, kuma babu wanda ke sama da shi da zai fitar da shi. Shi ne koci. Da ya so, sai ya ƙarasa wasan a ciki, ba mai ce masa don me.

Sai muka ga ya ɗaga hannu ga alƙalin wasa, ya nuna ƙirjinsa. Ya taho a hankali, ya kwance ƙyallen kyaftin ya ba mai tsaron gida, ya tsallake farin layin. Ya kira wani mai gasa burodi da ke zaune kusa da ni, saurayi mai faɗin kafaɗa wanda bai taɓa buga babban wasa ba, ya ce masa, "Shiga." Iyakar huɗubar ke nan. Sannan ya sa rigar sanyi, ya zura hannu biyu a aljihu, ya tsaya a bakin layi.

Mai burodin nan bai yi wasa irin na Dogo ba ko kaɗan. Dogo jira yake yi, shi kuwa faɗawa yake yi da ƙarfi, ya bar wuri a buɗe a bayansa. Na ga haɗarin, kowa ya gani. Na taso na je kusa da Dogo, da guntun yarensu da na iya na ce, "Yi masa magana mana. Ka ce ya ja baya."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "In na yi magana, ni zai riƙa kallo, ba ƙwallo ba."

"To in aka ci mu fa?"

"Sai a ci mu."

Ina tsaye dab da shi, shi ya sa na ga abin da ƴan kallo ba su gani ba. Fuskarsa kamar dutse, amma a cikin aljihun rigar hannuwan a dunƙule suke, kuma duk sanda ƙwallo ta nufo gidanmu sai ƙafarsa ta dama ta ɗan tashi daga ƙasa ta koma. Kuma an ci mu ɗin. Saura kaɗan a tashi, mai burodi ya faɗa inda bai kamata ba, matashin nan ya zagaye shi, ƙwallo ta kwanta a raga. Muka faɗa rukunin ƙasa. Bayan wasa aka shiga ɗakin zufa, wani ɗakin katako mai zafi da suke shiga su yi gumi, wanda a wurinsu ya fi zaure daraja. Can Dogo ya watsa ruwa a kan duwatsun, tururi ya tashi, ya ce, "Ashe tsayuwa ta fi gudu gajiyarwa." Ya juya ga mai burodi, wanda ya sunkuyar da kai tun shigowarmu, ya ce, "Ranar Talata atisaye. Kada ka makara."

Bai sake sa takalmin wasa ba. Kakar da ta biyo baya suka dawo rukuninsu, mai burodi ne kyaftin, yana nan da faɗawarsa, sai dai ya koyi lokacinta. Ni a lokacin na dawo gida. Dogo ya bar walda ya zama koci sosai. Ya riƙe ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban, wata ya ɗaga ta, wata ta kore shi tsakiyar kaka, ya taɓa komawa babban birni, daga baya ya gaji da manya ya koma horar da matasa a garinsu har ya yi ritaya. Da waya ta zo muka sami juna. Mukan yi magana jefi-jefi, ni in yi ta gaisuwa, shi ya ce lafiya, sai mu ajiye.

Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni bana. Na ga mutum ya tsaya a bakin layi ya kame bakinsa, na kuma ga an ci shi a ranar. Ƙungiya tana faɗuwa ta dawo wata kaka, amma tumatirin da ya ƙone ya ƙone.

Ranar ta zo da zafi ya fara tsananta, ruwan babban kanal ya ja baya. Da hantsi aka aiko mini cewa ana taruwa a bakin ƙofa. Na ɗauki sandata na tafi, na sami gindin mangwaro nesa kaɗan na zauna. Alhaji Bala, wanda gonarsa ce ta farko a bakin ruwa, mai injin casa kuma mai faɗa a ji, ya sa an jera buhunan yashi a cikin ƙaramin kanal, ruwan duka ya karkata cikin shinkafar da ya dasa. Malam Iro, na can ƙarshe, ya zo da reshen tumatir a hannu, ganyen ya yi laushi, furen yana zuba. Bayansa mutanen ƙarshe ne, kuma na lura kowa da fartanyarsa, alhali ba ranar noma ba ce.

Malam Iro yana cewa, "Alhaji, dubi nan. Yau kwananmu ne, kowa ya sani. Ko shinkafarka da carbi take sha, sai ta kai dubu?"

Alhaji Bala ya ce, "Dashe ne sabo, Malam. In ya bushe yau, kai za ka sake mini shi? Tumatir ai yana da haƙuri."

"Haƙurin nasa ne ka gani a hannuna."

Sale yana tsaye a tsakiya da ƙarfen ƙofa a kafaɗa. Sai Alhaji Bala ya hango ni. Ya ɗaga murya ya ce, "Yauwa, ga Baba can. Baba, taso ka raba mu, kai ka san kan abin nan. Yaran yanzu sai a hankali." Duk suka juyo, har Sale. Na san abin da zan yi da a ce bara ce: in rufe ƙofar gaba ɗaya, in ce ba mai sha sai an kwashe buhunan, in yi ta faɗa har kowa ya ji kunya. Maganar tana kan harshena, ƙafata har ta fara tashi daga ƙasa. Sai na zura hannu biyu a aljihun rigata, na ce, "Alhaji, ni inuwa na zo sha. Mai ƙarfe yana gabanka."

Wani daga cikin mutanen ƙarshe ya gyara riƙon fartanyarsa. Na ce a raina, yau za a ci mu.

Sale bai rufe ƙofa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe wando har gwiwa, ya je gaban Alhaji Bala ya ɗan rusuna, ya miƙa masa ƙarfen da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, don Allah riƙe mini wannan, kada ya faɗa ruwa. Ba kowa zan ba ba." Kafin Alhaji ya gane abin da ake ciki, ƙarfen yana hannunsa. Sale ya faɗa kanal, ya rungumi buhun farko ya ɗora a gefe, yana aiki yana magana kamar suna hira a shago. "Na zaga ta cikin dashen naka da safe, Alhaji, ruwa ya kai idon sawu. Wallahi ko jibi ba zai nemi ƙari ba. Gobe in an fito sallar asuba naka ne, ni da kaina zan zo in buɗe, in ka makara in buga maka ƙofa."

Alhaji Bala ya buɗe baki, ya dubi ƙarfen da ke hannunsa. Mutum ba ya riƙe da amanar ƙofar ruwa a gaban jama'a kuma ya ce a tare ruwa. Ya juyo wajena, ni kuwa na sami wani tsuntsu a kan mangwaro na ƙura masa ido. Malam Iro ya ce, "Alhaji, ƙarfen ya yi maka kyau fa. Ko mu naɗa ka?" Wani ya tuntsire da dariya, wani ya jingine fartanyarsa ya shiga ruwa ya kama wa Sale buhu na biyu. Alhaji ya ce, "Kai dai Iro bakinka ya fi gonarka albarka. Sale, asuba ka ce. In rana ta fito ban ga ruwa ba, har gida zan same ka."

"In rana ta fito ba ka ga ruwa ba, Alhaji, ka riƙe ƙarfen gaba ɗaya."

Da aka ɗauke buhu na ƙarshe, ruwan ya ɗan tsaya kamar yana tunani, sannan ya miƙe ya bi hanyarsa, yana tura busasshen ganye a gaba. Mutanen ƙarshe suka bi shi a gefe da sauri kamar masu rakiyar baƙo. Na zauna ina sauraron wannan ƴar ƙarar, wadda ban ji ta sosai ba tun zamanin jigon kakana, domin duk shekarun da na yi a bakin ƙofar nan muryata ce ke rufe ta. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ban sani ba ya sauka daga kafaɗata. Da na zaro hannu daga aljihu, sai na tarar goron da na ajiye a ciki ya farfashe, na murƙushe shi ban ji ba. Sale ya zo wucewa, wando a jiƙe, na miƙa masa ɓarɓashin. Ya duba ya ce, "Baba, wannan goron mota ce ta taka shi?" Na ce ya ci kawai, ya yi mini shiru.

Da yamma na sa aka kira mini Dogo. Yarensu ya yi tsatsa a bakina, na haɗa da Turanci, na ba shi labarin tun daga buhunan yashi har zuwa ƙarfe a hannun Alhaji. Ya saurara bai katse ni ba, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Hannunka a ina suke?"

Na ce, "A aljihu."

"Ƙafa fa?"

Na ce, "Ta ɗan tashi, na mayar da ita."

Sai na ji wata ƙara daga can bakin tafkin, gajeriya, kamar tari. Na daɗe da sanin mutumin, na san dariya ce.